Dabul-barel gefe da gefe: sabuwa 'yar Turkiyya ko tsohuwa 'yar Sifaniya?

Baban Ilham: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Shekara biyu ke nan ina zuwa filin harbin faifan yumɓu (wanda inji yake cillawa sama a harba kamar tsuntsu) a nan Yorkshire ta Ingila, kullum da bindigar haya. Watan jiya dai 'yan sanda suka ba ni lasisi bayan dogon jira, sun zo har gida sun duba akwatin ƙarfen da na kafe a bango, likitana ma ya cika tasa takardar. Saura saye. Kusan kowa a filin bindiga mai baki biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, yake riƙewa, ni kuwa raina gefe da gefe yake so, irin dabul-barel ɗin da marigayi mahaifina yake ratayawa in zai fita neman zabi da fakara. Fam 1,500 na ware. A shago na ga sabuwar Yildiz 'yar Turkiyya, na kuma ga AYA tsohuwa, kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Wacce ce mai inganci, wacce ce kuma ba za a yi asarar kuɗi ba?

Abu Minisota: Wa alaikumus salam. Sabuwa, ɗan uwa, kada ka wahalar da kanka. Ni CZ Bobwhite nake da ita, shekara huɗu, ban kai dala dubu ba na saye ta. Sunan CZ ne a jiki amma Huglu ne suke ƙera ta a Turkiyya, can yankin Konya. Kunama biyu, bakin ana sauya masa matsewa yadda kake so, wato ƙuncin da ke hana ƙwayoyin harsashi bazuwa da wuri, tana cin harsashi mai ƙwayoyin ƙarfe. Na shiga da ita dusar ƙanƙara, na shiga ciyawa mai raɓa, ba ta taɓa ba ni kunya ba. Tsohuwar bindiga ba ka san hannun da ta bi ba.

Kawu Na-Birmingham: Abu, sannu da ƙoƙari, amma da tsohuwar zuma ake magani. Baban Ilham, ɗana, wace AYA ce ka gani? Ai suna da yawa. Akwai Yeoman, akwai No. 3, akwai No. 4, akwai No. 2. Ka duba ka faɗa min.

Baban Ilham: No. 4 ce Kawu. Faɗin bututunta lamba 12, tsawonsa inci 28.

Kawu Na-Birmingham: To madalla. Bari in ba ka labarinta. AYA gajarta sunan Aguirre y Aranzabal ne, kamfani ne a garin Eibar na yankin Bask a Sifaniya, tun 1915 suke sana'ar. Abin da ya ɗaga su a ƙasar nan shi ne sun ɗauki fasalin bindigar Ingila suka ƙera ta da kuɗin da manomi zai iya biya. No. 4 irin wadda ake kira bokslok ce, wato duk kayan cikinta a dunƙule suke cikin akwatin ƙarfen da ke tsakiya. Wannan tsarin a nan Birmingham aka ƙirƙiro shi, Anson da Deeley na kamfanin Westley Richards, a 1875. Shekara 150 ke nan ana kwaikwayonsa, har wadda Abu yake yabo daga wannan zuriyar ta fito. Ita kuwa No. 2 saidlok ce, kayan aikinta a jikin faranti biyu suke, ɗaya kowane gefe, irin na kamfanin Landan ɗin nan Holland & Holland. Ta fi kyan gani, ta fi tsada, amma tsuntsun da aka harba bai san bambanci ba. No. 4 tana tofar da kwanso da kanta in ka karya ta, No. 3 kuwa ɗago shi kawai take yi ka zare da hannu. Duk maƙerin bindigar da ke ƙasar nan ya san cikin AYA kamar yunwar cikinsa, kayan gyaranta kuma ba a wahalar samu. Ni wannan nake kira inganci.

Injiniya B.: Kawu ya yi gaskiya a tarihi, amma akwai abin da ya tsallake, kuma shi ne ya sa tsofaffin bindigogin nan suka yi araha yanzu: dalma. Tun 1999 aka hana harbin agwagin ruwa da harsashin dalma a Ingila, Amurka ta riga su tun 1991. A 2025 kuma gwamnatin Birtaniya ta sanar za ta hana dalma kusan gaba ɗaya, da wa'adin 'yan shekaru na sauyi. Ke nan duk bindigar da za ka saya yau, ka tambayi kanka ko za ta ci harsashin ƙarfe. Ƙarfe ba ya lotsewa kamar dalma. In ƙwayoyin suka iso bakin da aka matse sosai, ba su da inda za su lanƙwasa, sai su kumbura bututun. A gefe da gefe kuwa bututan biyu a manne suke da dalma ko tagulla, in ɗaya ya kumbura yana iya ɓamɓare haɗin.

Harsashin ƙarfe iri biyu ne. Akwai na yau da kullum, wanda bindiga mai lafiya da ta ci gwajin hukuma na jure albarushin zamani za ta iya ɗauka muddin matsewar bakinta ba ta wuce rabi, wato matsakaiciya, ba. Akwai kuma mai ƙarfi, wanda sai bindigar da aka buga wa tambarin fure mai kai uku a ƙasan bututu. Tsohuwar No. 4 da wuya ka ga furen nan a jikinta.

Kawu Na-Birmingham: Injiniya, faifan yumɓu da kurciyar daji zai harba, ba dinya ba. Na yau da kullum ya ishe shi. In ma bakin hagu ya matse da yawa, maƙeri zai buɗe shi zuwa rabi, aikin yini ɗaya ne. Akwai kuma harsashin bismat, wani ƙarfe mai laushi da ke maye gurbin dalma, ga mai kuɗi.

Injiniya B.: Bismat ai sai ranar sallah, Kawu. Mai harba ɗari a kowace Asabar ba zai iya ba.

Maman Sultan: Ku yi haƙuri in shigo maganar maza. Ni ma ina harbin faifai, lamba 20 nake riƙewa. Baban Ilham, ka taɓa harba gefe da gefe kuwa, ko ƙaunar Baba ce kawai? Don ba ɗaya ba ne. Faɗin baki biyun nan yana cika ido, wasu yana taimaka musu, wasu yana ruɗa su. Sannan katakon gaba ɗan siriri ne, hannunka na hagu a kan ƙarfen yake kai tsaye. Ka harba ashirin a jere da rani ka ji yadda yatsu suke gasuwa. Na taɓa aron ta wata ƙawata, kafin mu gama zagaye ɗaya sai da na naɗe hannu da gefen mayafi. Ba banza ba masu gasa suka koma sama da ƙasa.

Baban Ilham: Hajiya kin kama ni. Sau ɗaya na taɓa, harbi goma, na samu uku. Amma ba gasa zan shiga ba. Wani manomi kusa da mu ya ce in riƙa zuwa korar masa kurciyoyi daga gonar fyaɗe... a'a, gonar irin man girkin nan mai fure rawaya nake nufi, wayar ce ta sauya min. Yawo ne a ƙafa, shi ya sa nake son mara nauyi.

Abu Minisota: Hahaha, Allah ya shirya wayar nan. To in rashin nauyi kake so ai Yildiz ce, yawancin nasu tsakiyar da aluminiyam ake yi.

Injiniya B.: Rashin nauyi ma da iyakarsa. Tsohon maƙerin nan W. W. Greener yana da ƙa'ida: nauyin bindiga ya zama ninki 96 na nauyin ƙwayoyin da take harbawa. In harsashinka gram 28 ne, bindiga ta kai kilo 2.7 ke nan. In ta gaza haka, abin da ka rage wa hannu kafaɗa ce za ta biya. Wanda yake yawo yini guda ya harba goma ba zai damu ba. Wanda zai tsaya a fili ya harba ɗari, washegari zai san ya yi.

Sarkin Baka: Ina ta karanta ku ina dariya daga nan gida. Ku da kuke Turai kun cika iyayi. Mu nan in an ce dabul-barel, Baikal ce 'yar Rasha. Ta yayana ta girmi ɗansa na fari, ta sha ruwan sama, ta sha ƙurar hunturu, ta faɗa fadama, da man keken ɗinki kawai ake shafa ta. Har yau in ta yi magana zabo sai ya faɗo. Ba zane ba ƙawa.

Kawu Na-Birmingham: Ranka ya daɗe Sarkin Baka, ba wanda zai ƙaryata ka. Baikal a Izhevsk ake yinta, IZH-43 da yayarta IZH-58, kuma a nan ma manoma sun daɗe suna ajiye ta bayan mota. Ƙarfi kam kamar taɓarya. Sai dai a hannu ma kamar taɓaryar take. Yanzu kuma masana'antar tana ƙarƙashin kamfanin Kalashnikov, Amurka ta sa musu takunkumi tun 2014, nan ma tun yaƙin Yukren sabuwa ba ta shigowa. In wani ƙarfe ya karye sai dai a ciro daga wata matacciya.

Sarkin Baka: To mu maƙerin unguwa ne yake fiƙe mana wani.

Admin: Tunatarwa kaɗan tunda magana ta zo gida. A Najeriya dokar makamai ta ce dabul-barel sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, bindigar toka ma sai da izinin kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ba a cinikin komai a zauren nan, kuma kada wanda ya tambayi hanyar kai bindiga wata ƙasa. A ci gaba.

Ɗan Katsina a Milan: Ni mamaki nake har yanzu ba wanda ya ambaci Italiya. Ku zo Gardone Val Trompia kusa da Brescia ku ga kwarin da kusan kowane gida yake da alaƙa da bindiga. Beretta tana can tun 1526. Suna da 486 Parallelo, gefe da gefe ce ta zamani, ciki zagayayye. Ga Fausti DEA, ga Rizzini BR550, ga Fabarm Autumn, ga Iside ta F.A.I.R. Injin kwamfuta ne yake yanka ƙarafan, saboda haka ta farko da ta dubu duk ɗaya suke fitowa, kuma an yi su ne don harsashin yau. In ana maganar ta zamani mai inganci, nan ne tsakiyar: ta fi ta Turkiyya gamawa, ba ta kai ta Landan haukar tsada ba.

Baban Ilham: Na ga 486 ɗin a shago, na ɗaga ta, na duba takardar kuɗin, na mayar da ita a hankali da hannu biyu.

Ɗan Katsina a Milan: To ka ƙara haƙuri shekara ɗaya ka tara. Araha ba ta ado. Ko ka nemi Iside, ita ce ta fi kusa da aljihunka a cikinsu.

Maman Sultan: In ana bin ta tsada ai ba a tsayawa. Sabuwar Purdey 'yar Landan ta haura fam dubu ɗari. Holland & Holland ɗin ma da Kawu yake ambato, Beretta ce ta saye su a 2021. Kowa dai da inda bargonsa ya kai.

Malam Shiru: Ban cika magana ba, amma wannan ta taɓa ni. Abin da ya fi wuya a ƙera gefe da gefe ba zanen jiki ba ne, haɗa bututan biyu ne su harba wuri ɗaya. Ba a jere suke sak ba, an ɗan karkato su ne don harbinsu ya haɗu a wajen yadi 40. A masu tsada mutum ne yake zama ya daidaita, a masu araha ana ɗora su a ma'auni a manne a wuce. Yawanci yana yin daidai, wani lokaci ba ya yi.

Shekarun baya na sayi wata sabuwa mai araha, ba zan faɗi kamfanin ba. Kyau kamar ɗan maciji, har da zanen tsuntsaye a gefe. Wata uku ina kuskure da bakin hagu, ina zagin idona, har tabarau na sauya. Wani dattijo a filinmu ya ce in zo mu je allon gwaji. Allon ƙarfe ne babba, aka shafe shi da farin fenti, aka ɗiga baƙi a tsakiya. Na harba na dama, ƙwayoyin suka kewaye ɗigon kamar an zana. Aka sake shafawa, na harba na hagu, sai ga tarin can ƙasa ta hagu, ya kauce fiye da tsawon tafin hannu biyu. Sau uku muna maimaitawa. Dattijon ya dafa ni ya ce ba idonka ba ne. Shagon sun karɓa sun sauya min, amma sai da na yi wata biyu ina zarya.

Abu Minisota: To ka ga amfanin sabuwa ke nan Malam, an sauya maka. Da tsohuwa ce wa za ka kai wa kuka?

Malam Shiru: Haka ne. Amma tsohuwar da ta shekara arba'in tana aiki, da tana da wannan ciwon da tuni an gano. Ni ba na ce kada a sayi ta Turkiyya ba, sun inganta ƙwarai a 'yan shekarun nan. Cewa na yi ko wacce ka saya, allon gwaji kafin komai.

Kawu Na-Birmingham: Baban Ilham, in za ka koma shagon ga abin da za ka yi, kuma kada ka ji kunyar mai shago. Ka tabbatar ba komai a ciki tukuna. Ka cire katakon gaba, ka riƙe ta ta ƙota ka girgiza a hankali. In ka ji bututu yana motsi a jikin akwatin ko da ƙanƙani, ta saki, gyara ne mai kuɗi. Ka ɗaga ta wajen haske ka duba mahaɗar, kada haske ya ratsa. Sannan ka cire bututan, ka rataye su a yatsa ta ƙugiyar ƙasa, ka ƙwanƙwasa da farce ko bayan biro. Mai lafiya za ta yi ƙara kamar ƙararrawa, ta daɗe tana amo. In ka ji "ƙwas" kamar fasasshiyar tukunya, haɗin ya saki wani wuri, tsatsa kuma tana iya kasancewa a ciki inda ido ba ya gani. Ka leƙa cikin bututun ta ɓangaren biyu, kana neman rami ko lotsawa ko kumburi. Ka duba katako daidai inda ya haɗu da ƙarfe, nan yake tsagewa, nan kuma mai yake jiƙa shi ya yi baƙi ya yi laushi.

Sai tambura a ƙasan bututu. Ka ga an rubuta 70, wato ɗakin harsashi milimita 70 ne. Tsofaffin Ingila da yawa 65 ne, kuma harsashin 70 zai shiga ya rufu lafiya lau, sai an harba kwanson ya rasa wurin buɗewa. Ka ce ya auna maka faɗin ciki da kaurin bango a gabanka. A ƙasar nan laifi ne a sayar da bindigar da ta fita daga gwajinta, gidan gwaji na Birmingham tun 1813 yake wannan aikin, akwai kuma na Landan. Mai shagon kirki ba zai ɓata rai ba.

Injiniya B.: A ƙara da dacewa da jiki. Ka rufe ido ka ɗora ta a kafaɗa, ka buɗe. In idonka na dama bai zauna daidai tsakiyar bututan ba, ko Purdey ce ba za ka samu ba. Tsofaffin nan an yanka ƙotarsu ne don mai su na farko, wasu gajeru ne ƙwarai.

Sarkin Baka: Kuma in ka je gonar, bisimilla kafin ka ja kunama, wuƙa a aljihu don wadda ka tarar da sauran rai. Kada Turanci ya sa a ci mushe.

Baban Ilham: In sha Allahu, ranka ya daɗe. Asabar zan je.

Baban Ilham: To jama'a, na dawo da labari. Na je da takardar Kawu a waya. Kafin in kai ga AYA mai shagon ya nuna min wata tsohuwa 'yar Ingila, katakonta kamar a lasa, kuɗin ma ƙasa. Na rataye bututan na ƙwanƙwasa, sai "ƙwas". Ya dube ni ya ce wa ya koya maka wannan? Na ce kawuna. Ya mayar da ita bai ƙara cewa komai ba. Ita No. 4 ɗin ta yi amo har sai da wani mai saye ya waiwayo. Ba motsi, 70 ce, matsewar bakin dama kwata, ta hagu ta ɗan wuce rabi. Yildiz ɗin ma na sake ɗaga ta, gaskiya ba laifi, amma da na rufe ido na buɗe sai na ga ina kallon gefen bututu, ita kuwa tsohuwar ta zauna ɗas. Fam 750 muka daidaita, da sharaɗin maƙerinsu ya buɗe bakin hagu zuwa rabi, kuma in allo ya nuna matsala in dawo da ita cikin mako biyu.

Abu Minisota: Allah ya sanya alheri. Har yanzu dai ina nan a kan bakata, nan da shekara biyar za ka nemi mai tambarin fure.

Ɗan Katsina a Milan: Ragowar 750 ɗin ka fara tarin ta Italiya da su.

Malam Shiru: Allon fa?

Baban Ilham: Jiya na je, Malam. Duka biyun sun haɗu, ɗan sama kaɗan da ɗigon, malamin filin ya ce haka ake so ga tsuntsu mai tashi. Matsalar ni ce. Na saba da kunama ɗaya, sai in harba na farko in ci gaba da jan ta gaba ina jiran na biyu, faifai yana tafiyarsa. Cikin 50 na samu 19. Yatsana na tsakiya ma ya kumbura, ƙarfen da ya kewaye kunama yana dukansa. Hajiya kuma maganarki ta tabbata, hannun hagu ya gasu.

Maman Sultan: Na faɗa maka ai. Akwai rigar fata da ake zura wa bututan, ba ta da tsada, ko ka sa safar hannu a hagu kawai.

Kawu Na-Birmingham: Dukan yatsa alama ce ƙotar ta yi maka gajarta ko kana sakin riƙo. Kafin ka kashe kuɗi, ka sa mata takalmin roba na zurawa ka gwada, in ya daina sai maƙeri ya ƙara mata rabin inci. Kunama kuwa ka sayi kwanson wasa guda biyu masu sifirin a ciki, ka riƙa yi a ɗaki kullum bayan isha'i, gaba sannan baya, yatsa yana zamewa ba ɗagawa ba. Kada ka ja ta babu komai a ciki, allurar tana karyewa. Ta dama ce ta gaba, ta hagu ce ta baya, in kurciya ta taso daga nesa ka fara da ta baya.

Baban Ilham: Na gode Kawu. Maman Ilham dai ta ce in har a falo za a riƙa wannan atisayen, in jira yara su yi barci, in kuma ja labule saboda maƙwabta.